Lamba Talatin da Bakwai

Shekara sha ɗaya ke nan ina riƙe da makullin nan,
ɗaki uku da zaure, a gindin duwatsun Birni.
Da safe in share, in kaɗe yanar gizo daga masaƙa,
in duba ko gara ta yi mana sallama cikin dare.
Shiga dala ashirin ne, ɗan lakol kyauta.
Wani makon ba ni da baƙo sai ƙadangare.

Ga mazari da alli a cikin ƙoƙo,
ga tandun da har yau bai rabu da kwallinsa ba,
akushin da ya ci tuwon iyaye da kakanni,
zugazugin maƙeri, numfashinsa a ɗaure,
gurmin da tsirkiyarsa ta tsinke tun ban zo ba.
Kowanne da ƴar takarda, rubutun hannuna,
a bango kuma da jan fenti: Kada a taɓa.

Lamba talatin da bakwai randa ce,
ginin Mirriya, a wuyanta zane kamar sawun zabo.
Gwamma ta kawo ta, shekarar da jikanta ya sayo firji.
Ta ce, ku aje, kafin kaza ta maishe ta akurki.
Na rubuta: randar ruwa ta mutanen da.
Ta ce in karanta mata, na karanta.
Ta ce, au, ashe ni ce mutanen da?

Bana da bazara famfo ya yi shiru kwana tara,
wuta ta ɗauke, firji ya koma akwati.
Ruwan da ya yini a jarka
sai ka rantse na wankan jego ne.

Ran Alhamis, kasuwa na ci, rana a tsaka,
sai ga Gwamma da sandarta,
Illo na biye, yana tura amalanke.
Nomau, ta ce, aro na zo, aron kayana.
Na ce, Iya, ta shiga littafi, tana da lamba,
sai darakta ya sa hannu, shi kuwa yana Yamai.
Ta ce, matar jikana na kwance da zazzaɓi,
maƙogwaronta bai san hanyar Yamai ba.

Na dubi jan fenti, jan fenti ya dube ni.
Na cire takarda na cusa aljihu.
Mu biyu muka ɗauke ta kamar marar lafiya,
muka kwantar bisa tsohon buhu.

Na bi su har gida, don tsoro, ba don zumunci ba.
Gwamma ta tara yashi, ta girka ta a inuwa,
ta ɗauraye, ta turara da kajiji.
Guga na farko randa ta shanye shi tana tsaki,
shekara bakwai fa tana azumi.
Kafin la'asar cikinta ya fara gumi,
tsakar gida ta ɗau ƙanshin ruwan fari.
Aka kai wa mai jinya, aka miƙo mini moɗa.
Na sha, haƙorana suka amsa.

Inda take da, yanzu zobe ne a daɓe.
Na sake takarda: Lamba talatin da bakwai, ta tafi aiki.
Ƴan lakol da suka zo ran Talata
sun fi daɗewa a kan zoben nan
fiye da gaban duk abin da na goge.
Wata ƙarama ta ce, a gidanmu ma akwai irinta,
a bayan rumbu, a kife.

Famfo ya dawo, randa ba ta dawo ba,
ni ma ban je biko ba.
Jiya kuma ɗan maƙerin Zango ya shigo,
ya biya dala ashirin, bai dubi komai ba,
ya tsaya gaban zugazugi, hannu a baya,
yana satar kallon makullin da ke wuyana.